Jesse Brown da saƙon da na kai Maraɗi

Ni ɗan manomin auduga ne daga wani ƙauye a ƙasar Funtuwa. Babu soja a zuriyarmu, teku kuwa ban taɓa ganinta ba sai ta tagar jirgin da ya kawo ni Amurka a 2011. Amma duk ranar 4 ga Disamba sai na tuna wani matuƙin jirgin sama na sojan ruwan Amurka mai suna Jesse Brown, wanda ya rasu a gefen wani dutse a Koriya ta Arewa shekara 32 kafin a haife ni. Maiɗakina ta san ranar, yara ma sun fara gane ta. Bana babban ya dubi hoton da ke jikin bangon falonmu ya ce, "Abba, ɗan'uwanmu ne?" Na rasa amsar da zan ba shi a tsaye, shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi.

Bizar nan ta ƙuri'a ce ta faɗo kaina. Na sauka a birnin Kolumbus na jihar Ohayo ba ni da kowa, sai lambar wayar wani bawan Allah mutumin Maraɗi da aka rubuta mini a bayan takarda. Shi ya zo ya ɗauke ni a filin jirgi. Ya girme ni da shekara 7, don haka tun daga ranar Yaya nake ce masa har Allah ya raba mu. Ya ba ni katifa a ɗakinsa, ya cire wata jibgegiyar rigar sanyi daga jikin ƙusa ya rataya mini a kafaɗa, ya koya mini hawa bas da cike takardun neman aiki. Da dare yakan tuƙa mana tuwon garin masara da miyar kuka, kukar kuma daga wurin matarsa take zuwa a ƙulle cikin leda biyu, ta hannun duk wanda ya je gida. Wata uku ina kwance ina tashi a ɗakin nan bai karɓi ko kwabo ba. Da na sami albashin farko na miƙa masa, sai ya ture hannuna ya ce, "Aika wa tsohonka, damina ta kusa."

Aikin da na samu na kula da tsofaffi ne a wani gida da aka keɓe musu, daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. In yi musu wanka, in canza musu kaya, in juya wanda ba ya iya juyawa kada kwanciya ta ci masa fata. A can ƙarshen baranda akwai ɗakin wani tsoho baƙar fata mai shekara 83, haifaffen Misisipi. Ƙafafunsa sun mutu amma hankalinsa garau, kuma ba ya barci. Dokar gidan ita ce a kira kowa da Mista wane, ni kuwa bakina ya ƙi kama sunan sa'an kakana, sai na riƙa ce masa Baba. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, na faɗa masa, ya yi murmushi ya ce ya karɓa. Shi kuma ɗana yake ce mini.

Auduga ce ta haɗa mu. Ranar da na ce masa mahaifina auduga yake nomawa, sai ya miƙo mini yatsunsa ya nuna mini gefen farce, inda tsinin ɓawon yake sukar mai tsinka har jini ya fito. Na san wurin, ni ma na sha sukar nan. Ya ba ni labarin irin noma-mu-raba da iyayensu suka yi a kudancin Amurka: gona ta Bature ce, iri da alfadari da abincin da za a ci kafin kaka duk bashi ne daga wurinsa, in kaka ta yi shi zai auna, shi zai rubuta, shi zai ce maka har yanzu da sauran bashi a kanka. Na ce masa, "Baba, mu ma haka dillali yake yi wa tsohona, sikeli nasa, littafi nasa." Daga daren nan ya daina ganina a matsayin ma'aikaci.

Ya yi aikin sojan ruwa a zamanin yaƙin Koriya, amma ba bindiga aka ba shi ba. A lokacin yawancin baƙaƙen da ke cikin jiragen yaƙi aikin hidima suke yi, su dafa wa hafsoshi abinci, su jera faranti, su gyara gado. Cikin Littafi Mai Tsarki nasa akwai wani hoto da ya yanko daga mujalla, takardar ta yi ja don tsufa: wani saurayi baƙi siriri cikin kayan matuƙa jirgi. Ya ce bai taɓa ganinsa ido da ido ba, jirgin ruwansu daban, amma hoton nan yana cikin akwatinsa tun yana ɗan shekara 18. Wani dare a watan Yulin 2013 ya danna ƙararrawa da ƙarfi har na zo a guje. Na tarar yana nuna talabijin da hannu yana rawa. Wani tsohon Bature ne mai shekara 88 aka nuno a Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa. Baba ya ce, "Ƙara murya, ɗana. Wannan ne Hudner. Ya koma ɗauko Jesse."

A hankali, dare bayan dare, na tattara labarin, wani daga bakin Baba, wani daga abin da na karanta daga baya. An haifi Jesse Leroy Brown ranar 13 ga Oktoba 1926 a Hattiesburg ta Misisipi, su shida ne a wurin iyayensu. Mahaifiyarsa ta yi koyarwa, mahaifinsa kuwa ya rasa aikinsa a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya karye, har iyalin suka koma noma-mu-raba a wani ƙauye da ake kira Lux. Yana ɗan shekara 6 mahaifinsa ya kai shi kallon wasan jiragen sama, abin ya shiga ransa bai ƙara fita ba. Yana yaro yana tallar jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier, yana karanta ta kafin ya sayar, har a 1937 ya rubuta wa Shugaba Roosevelt wasiƙa yana tambayar dalilin da ya sa ba a ɗaukar baƙi a matsayin matuƙan jirgin soja. Ɗan shekara 11 ko ma bai cika ba, daga gonar auduga.

A 1944 ya gama sakandare shi ne na biyu a ajinsu, ya taho nan Kolumbus, Jami'ar Jihar Ohayo, inda gwaninsa ɗan tsere Jesse Owens ya yi karatu. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin bas ɗin da nake hawa kullum ta gaban jami'ar yake bi. Da rana yana aji yana karatun zanen gine-gine, daga yamma har tsakar dare yana lodin kaya a taragon jirgin ƙasa don ya biya kuɗin makaranta. Na san irin barcin da ke kama mutum a aji bayan aikin dare. A 1946 ya shiga shirin horar da matuƙa na sojan ruwa, duk da an nuna masa ba wurin irinsa ba ne. Shi kaɗai ne baƙi a cikinsu. Doka ta hana ɗaliban yin aure kafin su gama, amma a watan Oktoban 1947 ya auri masoyiyarsa Daisy a ɓoye, ya san in aka gane korarsa za a yi. A watan Yulin 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar hana wariyar launin fata a aikin soja, ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara kuma aka maƙala wa Jesse tambarin fukafukai na zinariya a ƙirji. Shi ne baƙar fata na farko da ya kammala wannan horo na sojan ruwa.

Baba yana son ya yi mini bayanin wahalar aikin, yana kwatantawa da tafin hannu da cokali. Filin saukarsu bayan jirgin ruwa ne da ke tafiya yana tangaɗi a kan igiyar ruwa. A wutsiyar jirgin saman akwai ƙugiya, a kan daɓen kuma an shimfiɗa igiyoyin ƙarfe a gicciye, dole ƙugiyar ta kama ɗaya daga ciki. In ta kuskure, to shinge ne a gabanka, bayansa kuma jirage ne a jere cike da mai. Jirgin da suke tuƙawa, Corsair, mai farfela ɗaya ne da lanƙwasassun fukafukai, hancinsa dogo ne har yakan tare wa matuƙi gani, sai ya taho a karkace yana leƙen wani hafsa da ke tsaye a gefe da faifai biyu a hannu yana yi masa alamar ya ɗaga ko ya sauke. Baba ya ce su da ke kicin an saba gaya musu cewa baƙi ba shi da kan irin wannan aiki. Shi ya sa ya yanke hoton.

Duk wannan lokaci wani abu yana cin raina a gida. Tun bazarar 2013 Yaya ya fara ramewa, idonsa ya koma ɗorawa. Aka ce ciwon daji ne a hanta. Zuwa Oktoba likitoci suka kira ni gefe suka ce babu sauran abin yi sai rage masa raɗaɗi. Daga ranar na fara gudu. Na riƙa karɓar ƙarin aiki, wani lokaci awa 16 a jere, ina ce wa kaina kuɗin ai don shi ne da iyalinsa. Kuɗin kam ina aikawa Maraɗi, ban fasa ba. Amma gaskiyar magana ita ce na kasa kallonsa. Mutumin da yake ɗaukar buhun shinkafa da hannu ɗaya ya zama in ka ɗaga bargo sai ka ƙirga ƙasusuwansa. In na je asibitin a bakin ƙofa nake tsayawa, in ce "Sannu Yaya, ya jiki," in duba agogo. Daga baya zuwan ma na daina. In ya kira sai in bar wayar ta gama ƙara, sannan in rubuta masa, "Ina wurin aiki, Yaya." Sati uku cur na yi haka. Mutumin da ya cire rigarsa ya ba ni.

Daren 4 ga Disamba na shiga ɗakin Baba wajen ƙarfe 2 in juya shi, na tarar ya fito da hoton ya jingina shi jikin kofin ruwa. Ya ce in ja kujera. A daren ya ba ni labarin ranar daga farko har ƙarshe.

An fara yaƙin Koriya ranar 25 ga Yuni 1950. Jirgin ruwan su Jesse, Leyte, yana tekun Bahar Rum a lokacin, aka juyo da shi ya isa gaɓar Koriya a watan Oktoba. A ƙarshen Nuwamba sojojin Sin kimanin 120,000 suka yi wa na Majalisar Ɗinkin Duniya kimanin 30,000 zobe a kewayen tafkin Chosin, cikin duwatsu, cikin sanyin da ke daskarar da bindiga da jini. Hanya ɗaya ce siririya ta fita zuwa teku, kuma abin da ya hana a gama da su shi ne jiragen da ke zuwa daga teku suna buɗe musu hanya. Jesse ya riga ya yi fita 20 a yaƙin. Daren 3 ga wata ya zauna ya rubuta wa Daisy doguwar wasiƙa, ita tana gida da 'yarsu da ba ta cika shekara 2 ba.

Washegari da ƙarfe 1:38 na rana jirage shida suka tashi. Wanda aka ɗora wa tsaron gefen Jesse shi ne Thomas Hudner, Bature daga Fall River ta jihar Massachusetts, ɗan masu hali, mahaifinsa mai shagunan sayar da kayan abinci. Ya fi Jesse muƙami, amma Jesse ya fi shi daɗewa a sama, don haka shi yake bin bayansa. Suka yi tafiyar kusan kilomita 160, suka sauko ƙasa-ƙasa, kamar mita 200 daga ƙasa, suna neman inda abokan gaba suka ɓuya cikin ƙanƙara. Wajen ƙarfe 2:40 wani daga cikinsu ya hango mai yana tsiyaya daga jirgin Jesse. Ga alama harsashin ƙaramar bindiga ne daga ƙasa ya huda bututu. Injin ya fara mutuwa, kuma ya yi ƙasa da yawa ballantana ya yi tsalle da lema. Ya nemi wani ɗan fili a gefen dutse ya kifa jirgin a kan ciki. Jirgin ya lanƙwashe daga tsakiya, hayaƙi ya fara tashi.

Sauran suna kewayawa a sama sun ɗauka ya mutu, sai suka ga ya zuge murfin gilashi yana ɗaga musu hannu. Amma bai fito ba. Ƙarfe ya danne masa ƙafa. Wurin yana kimanin kilomita 24 cikin yankin da sojojin Sin ke riƙe da shi, jirgi mai saukar ungulu kuma sai ya ɗauki lokaci kafin ya iso. Hudner ya dubi hayaƙin ya ga wuta za ta riga su. Ya san lalata jirgin gwamnati da gangan na iya kai shi gaban kotun soja, ya san yana iya mutuwa a saukar, ya san in ya rayu ana iya kama shi. Bai nemi izinin kowa ba. Ya faɗa a rediyo cewa zai sauka, ya kifa lafiyayyen jirginsa a kan dutsen, har ya ji ciwo a baya.

A nan Baba ya rage murya. Ya ce Hudner ya kutsa cikin ƙanƙara ya isa wurinsa, ya tarar Jesse ya cire hular kwano da safar hannu garin ƙoƙarin kwance kansa, yatsunsa sun sandare. Ya ciro hular ulu daga aljihunsa ya sa masa, ya naɗe masa hannuwa da mayafin wuyansa. Ya riƙa dumbuzar ƙanƙara da hannu yana cusawa inda hayaƙi ke fitowa. Ya hau jikin jirgin yana zamewa, ya ja, ya ja, ƙafa ta ƙi fita. Ya koma rediyon jirginsa ya ce a taho da gatari da tukunyar kashe gobara. Da mai saukar ungulun ya iso, shi da matuƙinsa Charles Ward suka yi ta saran ƙarfen da gatari kusan minti 45, ko gezau. Jesse yana suma yana farfaɗowa, bai yi kuka ba, bai yi raki ba. Rana ta yi ƙasa, jirgin Ward kuma ba ya iya tashi cikin duhu a tsakanin duwatsun nan. Maganar ƙarshe da Jesse ya yi wa Hudner ita ce ya gaya wa Daisy yana sonta. Hudner ya ce masa za su dawo. Da suka tashi ya riga ya daina motsi. Shekararsa 24.

Hudner ya roƙi a bar shi ya koma da safe, kyaftin ɗin jirgin ruwan ya hana don tsoron kwanton ɓauna. Bayan 'yan kwanaki abokan aikinsa suka tashi suka zuba wa wurin bam mai cin wuta don kada gawar da jirgin su faɗa hannun abokan gaba, ana karanta Addu'ar Ubangiji ta Kirista a rediyo. Har yau ba a ɗauko ƙashinsa ba. Tafiyar nan ta 2013 da muka gani a talabijin ma ba ta yi nasara ba, ruwan damina ya lalata hanyoyin zuwa dutsen, tsohon ya dawo hannu rabbana.

Baba ya yi shiru, ni ma na yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar injin ɗumama ɗaki. Can sai ya ce, "Ina yayan nan naka? Kwana biyu ba ka ambace shi ba." Na sunkuyar da kai na ce yana asibiti. Ya ce yaushe rabona da shi. Na faɗa masa. Sannan na ƙara da maganar da na daɗe ina lallashin kaina da ita: "Baba, likitoci sun gama magana. Ko na je babu abin da zan iya yi masa."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ɗana, shi ma Hudner ai bai fito da shi ba."

Bai ƙara ko kalma ba, ya ce in kashe masa fitila. Na fita baranda na jingina da bango, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Ƙarfe 7 na tashi aiki, ban biya gida ba. Na tarar da Yaya ya juya fuska wajen taga. Na yi sallama, ya juyo a hankali. Na shirya jin faɗa, ko aƙalla ya ɗauke kai, sai kawai ya ce, "Ka zo? Ka ci abinci kuwa?" Na durƙusa a gefen gadon na kama hannunsa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba ƙanena, ai aiki ne ya yi maka yawa." Ya sani, na kuma san ya sani, amma ya rufa mini asiri har a gaban kaina.

Na soke duk ƙarin aikin. Kwana 33 muka yi. Babu wani abin kirki da na yi a cikinsu in ana maganar magani. Ina jiƙa ɗan soso in shafa masa a leɓe saboda ba ya iya haɗiyar ruwa. Ina murza masa ƙafafu da man kaɗanya, sun kumbura sun yi sanyi. In lokacin salla ya yi in kawo masa ɗan dutsen taimama in kama hannunsa in ɗora, in ɗaga kan gadon ya yi da ishara. Ina karanta masa Yasin, wani lokaci leɓensa na bina. In dare ya yi a nan, asuba ta kusa a Maraɗi, sai in kira matarsa in ajiye wayar a kan matashi kusa da kunnensa. Sau da yawa ba ya iya magana, ita ma ba ta cewa komai, sai ya riƙa jin carar zakara da motsin gida daga can. Yakan ce in bar wayar a kunne ko da kati zai ƙare.

Kwana uku kafin rasuwarsa hankalinsa ya dawo sarai. Ya lissafa mini bashin da ke kansa, dala 300 na wani Basomale mai shago da kuɗin haya na wata guda. Ya ce rigar sanyin nan in na gama da ita in kai wa mahaifiyarsa. Sannan ya ce, "Uwar yara kuwa, ka gaya mata na yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe mini shekarun da na bar ta. Ka ce mata ban taɓa cin miyar kukarta ban sa mata albarka ba. Amma kada ka faɗa a waya. Ka je da ƙafarka." Na tuna saƙon Jesse ga Daisy a take. Abu ɗaya ne, kowa da yadda aka koya masa faɗa a gidansu.

Ya cika daren 7 ga Janairu 2014, hannunsa cikin nawa, ina maimaita masa kalmar shahada. A makon ne aka yi wani sanyi a Ohayo da har 'yan garin suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Mu muka yi masa wanka, ni da wani dattijo Basanagale da wani ɗan Zango daga Kumasi. Ƙasa ta daskare kamar dutse, sai da mota mai haƙa ta tona kabarin. Mutum 14 muka tsaya sahu, numfashinmu na fita kamar hayaƙi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Da na koma aiki na ba Baba labari, sai ya kama hannuna ya riƙe bai ce komai ba. Daga baya ya ƙarasa mini abin da ya biyo bayan Jesse. Ba a kai Hudner kotu ba. Ranar 13 ga Afrilu 1951 Shugaba Truman ya rataya masa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a Fadar White House, Daisy tana tsaye a wurin. Mutanen garinsu suka tara masa dala 1,000, ya miƙa mata don ta yi karatu. Abokan aikin Jesse a jirgin ruwa su ma suka yi karo-karo don karatun 'yarsa. A 1973 aka ƙaddamar da jirgin ruwan yaƙi mai sunan Jesse L. Brown, Hudner da Daisy suna wurin, a 1994 kuma aka miƙa jirgin ga Misira suka sa masa sunan garin Dumyat. Daisy ta rasu a 2014, Hudner ya bi ta a Nuwamban 2017 yana da shekara 93. Baba bai ga wannan ba, shi ya riga shi. A farkon 2015 ya tafi, da asuba, a lokacin aikina, ina zaune kusa da shi. 'Yarsa ce ta miƙo mini hoton a cikin ambulan, ta ce ya rubuta sunana a baya. Shi da Jesse da Hudner ba addininmu ɗaya ba, kuma hisabin kowa yana wurin Mahaliccinsa. Abin da na sani shi ne ta hannunsu Allah ya mayar da ni bakin gadon Yaya tun da sauran lokaci.

Sai a ƙarshen 2015 na haɗa kuɗin jirgi. Na kwana biyu a gida wurin tsofaffina, na kama hanyar Katsina, na bi ta Jibiya na tsallaka iyaka, na wuce Ɗan Isa na shiga Maraɗi da la'asar, hunturu ya rufe gari da ƙura. Wani yaro ya raka ni gidan. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Mahaifiyarsa ta fito tana dogara sanda, na durƙusa na gaishe ta, na buɗe jaka na miƙa mata rigar. Ta shafa ta, ta kai hanci ta shinshina, ta rungume ta a ƙirji. Ɗansa na fari, mai shekara 12 a lokacin, yana tsaye jikin bango, goshin da idanun duk na Yaya.

Matarsa ba ta fito ba, ta zauna a bayan labulen ƙofar tsakar gida, ƙafafunta kawai nake gani. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya. Na ce, "Yaya ya ba ni saƙo, ya ce kada in faɗa a waya." Na faɗa mata kamar yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba, har maganar miyar kuka. Labulen ya ɗan motsa. Aka jima ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Na yafe masa. Dama bai yi mini komai ba." Ta sake yin shiru, sai ta tambaya, "Da zai cika, akwai wani a kusa da shi?"

Na ce, "Ina nan, hannunsa yana cikin nawa."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Na ji ta miƙe, ta kira yaron ta ce ya kawo wa baƙo ruwan alwala, magariba ta yi.